Daga banbar zuwa jarka: abin da ke cin bayan 'yan kasuwa a Umdurman da Khartum

Kafin yaƙi, a kusan kowane shagon sari na Suk Libiya mutum biyu za ka tarar: mai shago a bayan tebur, ɗan dako a bakin ƙofa. Na farko yakan zauna tun hantsi har bayan la'asar, ba ya tashi sai salla ko kewayawa. Shayi ma har gabansa ake kawo masa. Na biyu kuwa bai san zama ba, daga ya sauke buhun sukari mai kilo 50 sai ya koma kan dilar kaya. Idan aka zo rufe shago ka lura da su, kowanne hannunsa na kan ƙugu. Alhaji zai ce zama ne ya kashe masa baya. Yaro zai ce kaya ne. Dukansu kuma gaskiya suka faɗa, abin da ke rikita mutane ke nan idan aka ce musu maganin ciwon baya motsi ne.

Ba ciwon kwana biyu nake nufi ba, irin wanda mutum zai sunkuya ba daidai ba ya ji ƙas, bayan mako ɗaya ko biyu ya ware. Wanda ya samu wurin zama nake nufi: ciwon ƙasan baya da ya wuce wata uku, yau ya lafa, gobe ya taso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma adadin zai iya kai miliyan 843 a 2050. Babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a duniya. Ma'aikacin ofis yana da takardar hutun rashin lafiya. Mu 'yan kasuwa ranar da ba mu fita ba ta faɗi ke nan, kuma tukunyar gida ce za ta fara sani.

Ƙwarya mai baki biyu

A 2009 wasu masu bincike a ƙasar Holan suka buga sakamakon nazarin da suka yi a kan mutum fiye da 3,600. Sun jera su ne daga wanda kusan ba ya motsi zuwa wanda aikin ƙarfi ya yi masa yawa, sannan suka duba inda daɗaɗɗen ciwon baya ya fi taruwa. Abin da ya fito ya yi kama da ƙwarya idan ka dube ta daga gefe: baki biyu a sama, tsakiya a ƙasa. Masu yawan zama haɗarinsu ya ɗaga, masu aikin wahala ma nasu ya ɗaga, kuma abin ya fi fitowa fili a wajen mata. Waɗanda ke tsakiya su ne suka fi samun sauƙi. To ka ga Alhaji a baki ɗaya, yaronsa a ɗaya bakin, a shago guda.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wasu fayafai masu taushi, waɗanda jini ba ya shiga cikinsu sosai kamar yadda yake shiga tsoka. Abincinsu yana shiga ne ta matsawa da saki, kamar soso a cikin ruwa: ka taka ƙasa ya matse, ka ɗaga ƙafa ya saki. Tsokokin da ke riƙe da ƙugu su ma sai ana aiki da su suke zama da ƙarfi. Mutumin da ya yi awa bakwai a kujera ɗaya ya hana soson nan numfashi, tsokarsa kuma tana zubewa a hankali bai sani ba. Shi kuwa mai dako matsawar ce ta yi yawa, sakin ya yi kaɗan.

A nan ne mutanenmu suka fi yi mini gardama. Mai agashe zai ce, "Malam, ni da nake tsaye a kan wuta tun la'asar har sha biyun dare, wane motsa jiki kuma?" Mai tura dardaga, wato baro, zai ce shi ai kullum cikin motsa jiki yake. Masu bincike a ƙasar Denmak sun daɗe suna nuna cewa wahalar wurin aiki ba ta ba jiki amfanin da motsin ganin dama yake bayarwa. Aiki abu ɗaya ne ake maimaitawa, da gefe ɗaya na jiki, na tsawon awanni, ba kai ke zaɓen nauyin ba, ba kai ke zaɓen lokacin hutu ba. Mai agashe a sunkuye yake a kusurwa guda, kamar yadda mai shago yake a zaune a kusurwa guda. A wajen baya, tsayuwa wuri ɗaya da zama wuri ɗaya 'yan uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Abin da yaƙi ya yi wa ƙugu

Ranar 15 ga Afrilun 2023, a goman ƙarshe na azumi, aka fara harbe-harbe a Khartum. Asarar rayuka da dukiya kowa ya sani, kuma Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa. Amma akwai wata ƙaramar ɓarna da ba a lissafa ta, domin kunya ma mutum yake ji ya ambace ta kusa da manyan: yaƙin ya ɗauki mutane daga wannan bakin ƙwarya ya jefa su wancan, a dare ɗaya.

Suk Arabi ta mutu, Suk Umdurman da Suk Libiya aka wawashe su. Famfo ya ƙafe a unguwanni da yawa, a Bahri ma tun makonnin farko mutane suka koma ɗiban ruwa daga kogin Nilu. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce. Biyu, kilo 40. Dattijon da ya yi shekara ashirin bai ɗauki abin da ya fi buta nauyi ba, shi ne ya wayi gari yana jan kilo 40 a hanya mai rairayi, cikin sauri kuma, don ba wanda yake son ya daɗe a waje. Wannan baki ɗaya ke nan.

Ɗaya bakin kuma su ne waɗanda suka kulle kansu a gida watanni, ko suka fita. An yi kwana da kwanaki a bayan manyan motoci zuwa Madani, da Madani ta faɗi a Disamban 2023 aka sake ɗaura kaya zuwa Sinnar, Gadarif, Kasala, wasu har Masar. A can sai zama: a gidan dangi, a ajin makaranta, a kan tabarma, ba kasuwa, ba inda za a je, sai waya a hannu ana jiran labari. Ga rashin barci, ga tunani. Likitoci sun tabbatar cewa damuwa da rashin barci suna ƙara wa ciwon baya kaifi, suna kuma sa shi ya daɗe. Ba wai ciwon ƙarya ba ne. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne suke zama kamar ƙararrawar mota da ta lalace, iska ma ta taɓa ta sai ta ɗauki kuka.

Yanzu kuma ga zagaye na uku. Tun da sojoji suka karɓe tsakiyar Khartum da Suk Libiya a watan Maris na 2025 mutane suke ta komowa. Mutum mai shekara 55, wanda ya yi shekara biyu a zaune, zai dawo ya tarar da shagonsa ba ƙofa, cike da ƙasa da toka, ya ce cikin kwana biyu zai kwashe komai shi da ɗansa don kada ya biya lebura. Na fahimci dalilin, kuɗin ne babu. Amma idan ana neman hanyar da ta fi sauri wajen kwantar da mutum wata guda, to wannan ce. Aikin kwana biyu a raba shi kwana bakwai, a cika bokiti rabi, a tura abin da zai turu maimakon a ɗaga shi. Baya yana iya koyon ɗaukar nauyi, har bayan shekara hamsin. Ba-zata ce ba ya so.

"Ina da gudruf"

Duk wanda ya zauna a Sudan ya san wannan kalma. Mutum ya je an ɗauke shi hoton da suke kira ranin, takarda ta fito an rubuta faifai ya ɗan turo tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar, shi ke nan ya samu suna. Daga ranar ya daina sunkuyawa, ya sayi ɗamarar baya, ya koma salla a kujera, jikoki ma an hana su hawa jikinsa.

To ga wani abu da ya kamata a ce ana karanta wa kowa kafin a miƙa masa takardar nan. A 2015 an tattara sakamakon hotunan bayan mutane fiye da 3,000 waɗanda ba abin da ke musu ciwo. A cikin masu shekara 20, kashi 37 cikin ɗari faifansu ya fara nuna alamar tsufa. A masu shekara 50, kashi 80. Kashi 60 kuma faifan ya turo. A masu shekara 80, kashi 96. Lafiyarsu lau, ba su ma san da shi ba. Wato idan aka kwashi sa'o'ina goma daga sahun gaba na masallaci aka sa su a na'urar, shida za su fito da "gudruf". Furfura ce ta ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi kusan kashi 90 cikin ɗari na ciwon ƙasan baya ba a iya ɗora shi a kan wata takamaimiyar cuta ko wani lahani guda.

Ban ce faifai ba ya danne jijiya ba. Yana yi, kuma mai shi yakan ji zafi na tsarga masa ƙafa har ƙasan gwiwa, wani lokaci da sanyin ƙafa ko rauni; wannan na likita ne. Amma mafi yawanmu tsoron takardar ya fi abin da ke cikinta illa. Mai tsoro yana ƙanƙame jiki, yana rage motsi, tsoka ta ƙara zubewa, ƙaramin aiki ya zama babba, ciwo ya ƙaru, shi kuma ya ce ka gani ko, dama na faɗa.

Kwanciya ma haka. A da likitoci da kansu suke cewa a kwanta. A 1995 aka gwada abin a birnin Helsinki na Finlan: masu sabon ciwon baya aka raba su uku, wasu kwanciyar kwana biyu, wasu atisaye, wasu kuma aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon yadda za su iya jurewa. Na ukun nan su suka riga kowa warkewa. Masu kwanciya su ne na baya. Shekara talatin ke nan da wannan, amma har yau idan baya ya riƙe, abin da ake fara yi a gidajenmu shi ne a jawo angarib ƙarƙashin inuwa. Angarib ɗin ma sau da yawa igiyarsa ta saki, mutum yana kwance kamar a cikin koma.

Tafiya, da lissafinta

Kakannin da yawa daga cikinmu da ƙafa suka zo ƙasar nan. Daga Sakkwato, Kano, Katsina, ta Cadi, ta Darfur da Kurdufan, da niyyar Makka. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Mu jikokinsu kuma, daga tasha zuwa shago, tafiyar minti shida, sai mun tsayar da rakisha.

Akwai bincike biyu na kwanan nan da suka sa na ɗauki tafiya da muhimmanci. Na farko daga Jami'ar Macquarie ta Ostireliya, an buga shi a mujallar Lancet a 2024. Mutum 701 ne, duka ba su daɗe da farfaɗowa daga ciwon baya ba. Rabi aka bar su yadda suke. Rabi kuma likitan gashi ya zauna da su sau shida cikin wata shida, ya yi musu bayani, ya tsara musu tafiya ana ƙarawa a hankali, ana nufin wajen minti 30 sau biyar a mako. Waɗanda aka bari, a tsaka-tsaki kwana 112 suka yi ciwon ya dawo ya hana su aiki. Masu tafiya, kwana 208. Ɗan kasuwa ya san ma'anar kwana 96 na ciniki.

Na biyu daga ƙasar Nowe, a 2025. An ɗaura wa mutum fiye da 11,000 na'urar auna motsi, aka bi su shekaru. Waɗanda tafiyarsu ta yini ta wuce minti 100, haɗarin kamuwa da daɗaɗɗen ciwon baya ya ragu da kashi 23 cikin ɗari a kan waɗanda ba su kai minti 78 ba. Kuma yawan tafiyar ya fi saurinta tasiri. Wannan na biyun lura ce kawai, ba gwaji ba, kuma su can sanyi ke gare su, mu nan a watan Mayu zafi yana haura digiri 40. Amma hanya ɗaya suka nuna da na farkon.

Kada minti 100 ya tsorata kowa, duk takun yini ake haɗawa. Idan masallacin da kake zuwa tafiyar minti 10 ne, ka je ka dawo a salloli uku, minti 60 ke nan. Asuba, magariba da isha'i su ne lokutan da rana ba ta dukan mutum. Ka sauka daga mota tasha ɗaya kafin taka. Maimakon ka aiki yaro wurin mai shayi, ka tashi ka je. A shago, duk wanda ya saya ka miƙe ka raka shi bakin ƙofa. Ladabi ne, kuma baya ya samu nasa. Sai dai a bi hanyar da jama'a suke bi. Unguwanni da yawa har yanzu akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, kango da fili ba wurin yawo ba ne.

Wanda ciwon ya riga ya zauna masa fa? A 2021 an tattara gwaje-gwaje 249 a kan motsa jiki ga masu daɗaɗɗen ciwon baya. Idan aka auna zafi daga 0 zuwa 100, motsa jiki yana rage kusan 15 a kan wanda ba a yi masa komai ba. Ba warkewa ba ce, kuma ba zan sayar wa kowa da ita a matsayin warkewa ba. Amma 15 ɗin nan sau da yawa ita ce tsakanin buɗe shago da zama a gida. A fara da minti 10. Idan ciwon ya ɗan motsa amma ya koma yadda yake kafin washegari, a ci gaba. Idan ya kwana ya wuni yana ƙaruwa, a rage, kada a daina.

Iyayenmu mata

Su abin nasu ya haɗa baki biyun ƙwaryar a yini guda. Mai shayi ko mai kisra tana zaune a kan banbar, kujerar nan da ba ta kai gwiwa ba, a duƙe kan wuta awa biyar ko shida. Kafin nan ta ɗauko ruwa da gawayi, bayan nan ga wanki a sunkuye, ga goyo. A Ingaz da Mayo, a kudancin Khartum, mata nawa ne suka riƙe gidaje da godogodo da gyaɗa da shayi? A lokacin yaƙi kuma su ne a kan manyan tukwanen takaya da suka ciyar da unguwanni. Ce wa irin wannan mata ta ƙara motsi rashin tausayi ne. Abin da take buƙata sauyin yanayin jiki ne: a ɗaga murhu ko baho a kan bulo don ta rage duƙawa, ta miƙe tsaye ta ɗan banƙare duk bayan rabin awa, ruwa a raba shi jarka biyu ƙanana maimakon babba a hannu ɗaya. Samarin gidan da ke kwance da waya kuma, jarka tasu ce.

Allura, ɗamara, da lokacin zuwa asibiti

A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko a kan daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya. Ta goyi bayan ilimantar da mai ciwo, motsa jiki, tausa, taimako a kan damuwa da tsoro, da magungunan rage kumburi. Ta ce kada a dogara da ɗamarar baya, da jan ƙashin baya da na'ura, da magunguna dangin tramadol. Allurar Voltaren da muke yi wa kallon ruwan sha tana cikin masu rage kumburi, amma na ɗan lokaci ake nufi. Mai shan ta kullum, cikin zafin nan, ba isasshen ruwa, ƙodarsa da cikinsa ne za su biya, balle mai hawan jini ko ciwon suga. Ƙaho da tausar basir, wato maɗori, wanda ya ji daɗinsu ban hana shi ba, in dai kayan wanzamin masu tsafta ne. Amma ban yarda a ƙona baya da ƙarfe ba, kuma duk abin da za a yi maka kana kwance ba ya maye gurbin abin da za ka yi da ƙafarka. Jami'ar Ahfad ta mata a Umdurman da Jami'ar Nilain a Khartum sun yaye likitocin gashi. Idan akwai ɗaya kusa da kai, zama biyu ko uku don a tsara maka atisaye ya fi hoton ranin arha.

Akwai kuma ciwon bayan da tafiya ba ta da hurumi a kansa. Idan fitsari ya riƙe ko yana zuba ba ka sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba ka jin taɓawa, ko ƙafa tana raunana, a ranar za a je asibiti, ba gobe ba. Haka idan akwai zazzaɓi, gumin dare da rama, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, haka ma maltiya da ake ɗauka daga ɗanyar madara, dukansu kuma akwai su a ƙasar nan. Haka wanda ya faɗo daga mota ko gini ya rufto masa. An sani asibitoci sun yi ƙaranci, irin su Al-Nau a Umdurman sun sha cika da masu raunuka har mai ciwon baya ya ji nauyin shiga layi. Ga waɗannan alamomin a shiga.

Saura yaron da ke bakin ƙofa, wanda su Sudanawa ke kira attali. Shi ba a ce masa ya ƙara tafiya. Abin da zai taimake shi yana hannunmu ne mu masu kaya. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da mafi yawan mutane za su riƙa ɗagawa ba tare da haɗari ba, shi ma idan komai ya daidaita. Buhun sukarinmu ya ninka wannan, buhun dawa mai kilo 90 kuwa ya kusa ninka shi huɗu. Ba mu muke ɗinka buhun ba, gaskiya ne. Amma mu muke yanke ko mota za ta matso bakin shago ko za ta tsaya nesa, ko akwai dardaga, ko buhun za a jera shi a ƙasa ne ko a kan katako daidai ƙugu, ko mutum biyu za su kama ko ɗaya. Biyan kuɗin dako a kan kowane buhu shi ke sa yaro gudu da kaya ya ƙi hutu, don wanda ya tsaya shan ruwa wani ya ɗauke rabonsa. Yanzu da ake sake gina shaguna a Suk Libiya da Suk Umdurman, bulo biyu da falanki ɗaya a ƙarƙashin jerin buhuna, da gangara ta siminti a bakin ƙofa maimakon matakala, tun wurin magini ake faɗarsu kafin simintin ya bushe.